Yadda Ake Karɓar Abokai a Kano a Ƙarshen Makon Babbar Sallah

Ranar Sallah da washegarinta na iyaye ne da surukai da maƙwabta, domin a cikinsu ake zuwa idi, a yi yanka, a yi fiɗa, a raba nama, sannan a shiga yawon gaisuwa daga wannan unguwa zuwa waccan. Lokacin da ya dace a kira abokai na nesa, waɗanda aiki ya kai Kaduna ko Abuja ko Legas, shi ne ƙarshen makon da ya biyo baya, daga yammacin Juma'a zuwa azahar ɗin Lahadi, sa'ad da hayaniya ta fara lafawa amma gari bai tuɓe kwalliyarsa ba. Abin da ke tafe bayani ne a kan yadda maigida da uwargida za su tsara waɗannan kwanaki a birnin Kano, ta yadda baƙi za su ci abinci mai kyau, su ga aikin hannun da garin ya yi suna da shi, su kuma masu masauki su samu sararin zama da su. Ƙa'ida guda ce ke riƙe da tsarin gaba ɗaya: fita ɗaya a rana, babban girki ɗaya a rana. Wanda ya ƙara a kan haka zai ƙare hutunsa ne a bakin murhu ko a cikin cunkoson motoci.

Mataki na farko: gayyata da lissafi

Ku aika gayyata tun saura mako biyu Sallah, kuma ku tsaya a kan manya shida zuwa takwas tare da 'ya'yansu, domin adadin da ya wuce wannan ya zama walima, ita kuwa walima tsarinta daban ne. Ku faɗi ranar zuwa da ranar tafiya a fili, babu kunya a cikin haka, tunda baƙunci a sunna kwana uku ne. A cikin wannan magana ta farko ya kamata a tambayi wanda ke fama da ciwon suga ko hawan jini ko gyambon ciki, da wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, saboda rabin abincin da za a ambata a nan akwai gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a cikinsa. A kuma yanke shawarar makwanci tun da wuri: mata da ƙananan yara a cikin gida, maza a ɗakin baƙi, idan kuma wuri ya yi kaɗan a kama ɗaki a masauki mafi kusa kafin 'yan kallon hawa su cika garin.

Kuɗin wannan hidima a ware shi daban da na ragon layya da ɗinkin yara, a rubuta shi a takarda, domin ba a banza aka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi ba. Idan aboki ya tambaya me zai zo da shi, kada a ce masa babu komai. A ba shi amsa ta gaskiya, ko katan ɗin ruwa ne, ko dabino, ko 'ya'yan itatuwa, domin mutum ya fi sakin jiki a gidan da ya san ya sa hannu a hidimarsa.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne duba kalanda. Bisa al'adar Kano, Hawan Daushe yana zuwa ne da yammacin washegarin Sallah, Hawan Nasarawa da safiyar rana ta uku, sannan a rufe da Hawan Fanisau. Idan Sallah ta faɗo a tsakiyar mako, ƙarshen makonku zai iya haɗuwa da ɗaya daga cikinsu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda dalilan tsaro, don haka kada a yi wa baƙi alkawarinsa sai an ji sanarwar fada da ta hukuma.

Mataki na biyu: cefane da rabon nama

Kayan da ba sa lalacewa a saye su kafin Sallah, wato shinkafar tuwo da alkama da gyaɗa da aya da zoɓo da citta da kanumfari da daddawa da man gyaɗa. Bayan Sallah kasuwanni kan yi kwanaki ba su cika ba, domin 'yan kasuwa da yawa sun tafi garuruwansu, abin da ya rage kuma yakan yi tsada. Kasuwar Rimi ta wadatar a kan kayan abinci, sai dai wanda zai sayi hatsi da yawa shi ne zai nufi Dawanau. Kayan miya da kabewa da alayyafo a bar su sai Alhamis, a samo su a 'Yan Kaba, kankana da lemo da abarba kuma a 'Yan Lemo. A cika tukunyar gas, a tanadi buhun gawayi, a sayi man janareta, a kuma tambayi mai injin niƙa na unguwa ko zai buɗe da safiyar Asabar, domin wannan 'yar tambaya ita ce ke tsakanin cin masa da rashin cinta.

Ranar da ake yanyanka naman layya, bayan an fitar da na sadaka da na kyauta, a ware wa baƙi kashi uku. Tsoka zalla ta cinya ta dambu ce. Haƙarƙari da nama mai ƙashi na miya ne. Kai da ƙafa kuma, bayan an babbake an kankare an wanke, na karin kumallon Lahadi ne. Idan wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, kada a jingina da firiza kaɗai. A tafasa naman miyar da gishiri da albasa, a soya shi sama-sama, shi kuma kai da ƙafa a kai shi gidan ɗan'uwan da ke da sola.

Mataki na uku: aikin Alhamis

Duk abin da zai iya kwana biyu bai canja ba, ranar Alhamis za a gama shi. Na farko shi ne dambun nama. A dafa tsokar da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri a cikin ruwa kaɗan, har ta yi laushi ruwan ya tsotse. A daka ta a turmi tun da ɗuminta har ta warware zare-zare, sannan a zuba a kasko mai faɗi da mai ɗan kaɗan da dakakken yaji, a rage wuta, a yi ta juyawa ba tare da gajiya ba. Alamar ya yi ita ce ya yi wasar-wasar, tururi ya daina tashi, idan an damƙa a hannu kuma ba ya dunƙulewa. Dambun da aka sauke da sauran danshi a jikinsa ba ya kwana uku a zafin Kano, wanda ya bushe sosai kuwa yakan yi makonni a mazubi mai murfi. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe.

Zoɓo ma a dafa shi ranar, da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, a tace, a ajiye shi da kaurinsa ba tare da sukari ba, ta yadda za a riƙa sirkawa gwargwadon buƙata, mai ciwon suga kuma ya sha nasa haka nan. Kunun aya kuwa ba a yi masa wannan dabara, domin cikin 'yan sa'o'i yake tsami idan babu sanyi, saboda haka ranar da za a sha shi ake yin sa. Alkaki da dubulan da nakiya, a ganina, sayensu wurin matan da sana'arsu ke nan ya fi yin su a gida a irin wannan mako.

Mataki na huɗu: daren Juma'a

A shawarci masu zuwa ta mota su taso da sassafe, su shigo gari kafin masallatan Juma'a su tare hanyoyi ko kuma bayan an sauko. Wanda ya sha hanya ruwan wanka yake buƙata da wurin miƙe ƙafa, ba dogon zance ba. Abincin daren ya zama mai sauƙi, shinkafa da wake da mai da yaji da soyayyen naman Sallah, ko kuma fura da nono ga wanda cikinsa bai buɗe ba. Kada a ɓarnatar da ƙarfin masu girki a wannan dare.

Bayan isha'i sai a fito da aikin da zai haɗa ranakun uku, wato ɗaure yadin da za a kai marina a rina. Tun kafin zuwan baƙi a sayi farin yadin auduga zalla, yadi biyu ga kowane mutum, a wanke shi da sabulu domin sitacin masaƙa ya fita, a shanya. Lallai ya zama auduga, domin yadin roba ba ya kama baba, wato shuɗin rini na gargajiya, zai fito ne fari-fari kamar ba a tsoma shi ba. A shimfiɗa tabarma, a ajiye zaren buhu da almakashi da ƙananan tsakuwoyi ko ƙwayar wake, kowa ya ɗaure nasa. Idan aka sa tsakuwa a ƙarƙashin yadi aka tattaro shi aka ɗaure wuyan tam, wurin zai fito da farin zobe bayan rini. Idan aka ninke yadin kalmasa-kalmasa aka ɗaɗɗaure shi a tazara, zai fito da layuka. Sirrin duka shi ne ƙarfin ɗauri, domin duk inda zare ya yi sako-sako rini zai shiga ya cinye zanen, don haka manya su bi bayan na yara su ƙara ja. Kowa ya sa wa nasa alama a gefe da ɗinkin zare, domin bayan rini babu mai gane nasa.

A daren ne kuma mata kan so a yi musu lalle. A kira mai ƙunshi ta zo gida, kuma a tambaye ta abin da ke cikin baƙin lallenta, domin wanda ake haɗawa da rinin gashi yakan ƙona fata, musamman ta yara. Kafin a kwanta a wanke shinkafar tuwo gwangwani takwas a jiƙa, a dafa wasu gwangwani biyu su yi laushi a bar su su huce.

Mataki na biyar: Asabar, ranar marina da Gidan Makama

Da an idar da sallar asuba a tsame shinkafar da aka jiƙa, a haɗa ta da dafaffiyar da albasa guda biyu, a aika niƙa, a ja kunnen ɗan aike cewa kada a cika ruwa kuma kada a niƙa ta a bayan tattasai. Idan ƙullun ya dawo a zuba yis cokali biyu da sukari kaɗan, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi. A irin zafin da ake yi yanzu lokacin Babbar Sallah, sa'a huɗu zuwa biyar sun ishe shi tashi. A nan ne nake ganin ya wajaba a kashe kuɗi: a ɗauko mai tuyar masa ta unguwa, a yi ciniki da ita tun farkon mako, ta zo da tandarta da hantsi. Idan ba a yi haka ba, uwargida ce za ta zauna gida tana shan hayaƙi yayin da ƙawayen da suka zo dominta suke yawo da wasu.

A fita da ƙarfe takwas, kafin rana ta yi ƙarfi, a fara da karofin Ƙofar Mata, marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ramuka ne masu zurfi a jere, ana jiƙa baba da toka a cikinsu a bar su makonni har ruwan ya nuna. A yi sallama, a gaida dattawan wurin, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, sannan a miƙa yaduddukan a yi cinikin rini. Ku roƙi marinin ya tsoma ɗaya a gabanku, ku tara yara su zuba ido, domin abin kallon yana cikin wannan minti guda: yadin yana fitowa daga rami da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a hannun mai rini. Shi ya sa marini ba ya jefa yadi ya tafi, tsomawa yake yi yana ɗagawa, kuma yawan maimaitawar ne ke bambanta shuɗi mai haske da wanda ya kusa zama baƙi. Kowa ya faɗi irin duhun da yake so, a yi alkawarin karɓa da safiyar Lahadi. Kafin a tafi a leƙa wurin mabuga, inda ake shimfiɗa rinannen yadi a kan gungume ana dukansa da manyan sanduna har ya yi sheƙi. Guga ce da ta girmi dutsen guga.

Daga nan a wuce Gidan Makama, wanda ke fuskantar fadar Sarki. Tarihinsa yana komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A tura wani ya tabbatar zai buɗe ranar, domin lokacin hutu ne. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da hotunan Kano na lokacin da Turawa suka ci garin a 1903 da bayansa, da kayan ɗakin amarya irin na da. Amma kada kayan da ke cikin ɗakuna su ɗauke hankali daga ginin kansa. A ɗaga kai a dubi yadda aka ɗaure rufin soro da azara aka lanƙwasa bakan gizo, a taɓa kaurin bangon tubali a ji sanyin da yake riƙewa da tsakar rana, a dubi zankwaye a saman katanga da zanen da magina suka fitar da hannu. A ɗauki ɗan rakiya daga ma'aikatan gidan, a kuma yi masa alheri. Sa'a ɗaya da rabi ta isa. Za a samu mai cewa tunda an fito a hau Dala, a leƙa Gidan Ɗan Hausa inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, a gangara Majema a ga jima. Duk wurare ne da suka cancanci ziyara, amma a bar su sai wani zuwan.

Idan kuwa an tabbatar akwai hawa a ranar, shi ne zai maye gurbin Gidan Makama, ba ƙari zai zama a kansa ba. A ajiye mota nesa, a je da wuri, a nemi bene ko inuwa a gidan wani sananne da ke kan hanyar da Sarki zai bi, a riƙe hannun yara, a rage kayan aljihu. Mai son aikin hannu ya dubi abin da ke jikin dawakai da mahayansu: ɗinkin jalala, adon linzami da likkafa, lifidi da sulke, aska takwas a ƙirjin riguna, da rawani ɗan Kura mai ƙyalli, wanda shi ma daga ramin baba ya fito.

Mataki na shida: babban abinci da hirar dare

A dawo gida kafin azahar. Miyar taushe ba ta wuce sa'a guda idan an riga an gyara kayanta: a dafa kabewa tare da naman ƙashi har ta narke, a soya jajjagen tattasai da attaruhu da albasa, a haɗa, a sa daddawa, a dama niƙaƙƙiyar gyaɗa a zuba, sai a ƙarshe a sa alayyafo da 'yar yakuwa domin tsami, a sauke tun ganyen bai mutu ba. Ƙullun masa idan ya tashi a sa masa gishiri da ɗan ruwan kanwa, a ɗanɗana, a gwada guda ɗaya kafin a ci gaba. A riƙa kawo ta da zafinta, faranti bayan faranti. Bayan an ci, kowa ya kwanta har la'asar, kuma kada a tsara komai a wannan tsakani.

Da daddare babu girki. A hura gawayi a tsakar gida, maza su gasa abin da ya rage na nama, a aika a sayo gurasa a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir, a kawo kunun aya mai sanyi, a sa turaren wuta. A kashe talabijin. A haƙa ramukan dara talatin a ƙasa ko a zana su a kwali, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Yara a haɗa su da wata dattijuwa ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Idan a cikin baƙi akwai mai murya, a ba shi rubutacciyar waƙa ya rera. Maigida ya lura da wanda aka bari a baya a zance ya jawo shi, ya kuma karkatar da hira idan ta doshi siyasar masarauta ko ta jam'iyya, domin a nan ne zumuncin shekaru kan samu tabo.

Mataki na bakwai: Lahadi

A ɗora kai da ƙafa tun daren Asabar a kan sauran garwashi, da safe a ƙarasa shi da citta da masoro da tafarnuwa, a ci da funkaso ko burodi da shayi, ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Da hantsi a biya Ƙofar Mata a karɓi yaduddukan, a wuce Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take ci. Lungunanta matsattsu ne, don haka a bar mota a je da Adaidaita Sahu, a tafi da wanda ya san kasuwar, a kuma ƙayyade sa'a guda. Wurin dukawa za a samu jaka da takalmi da titimi na jan fata, gaba kaɗan akwai faifai da kwanduna da ƙoren da aka yi wa zane, da azurfa, da allo mai zayyana. A shinshina fata kafin a saya, domin wadda ba ta jimu sosai ba warinta ba ya fita. A yi tayi cikin mutunci, amma kada a matse mai aikin hannu a kan abin da ya ɗauke shi kwanaki.

Zaren yaduddukan a gida za a kwance shi, kowa da nasa, da tsinin almakashi a hankali domin kada a huda yadin. A gaya wa baƙi su wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku na farko, su shanya a inuwa, domin baba yana zuba kuma zai ɓata fararen kaya. Tsarabar kowane gida a ɗaure ta tun kafin a fita kasuwa: dambun nama a roba mai murfi, alkaki, da kilishin Agadasawa idan an samu saya. Miyar da ta rage kada a ba matafiyi, a raba wa maƙwabta da almajiran unguwa tun da rana. Masu komawa ta mota su yi azahar su kama hanya, domin su isa da sauran haske, masu jirgi kuma a fita da su filin jirgin Malam Aminu Kano da ratar sa'a biyu, saboda a ƙarshen hutun Sallah kowa ranar yake komawa.